Hannun Likitan Inji

A filin jirgin kowa Likita yake ce masa, alhali bai taɓa riƙe allura ba. Bakanike ne. Shekara ashirin da takwas ya yi yana kwance injinan ƙananan jirage yana mayarwa, har ta kai in aka tayar da jirgi can bakin titi, shi kuma yana rumfar gyara da kofin shayi a hannu, sai ya ɗaga kai ya ce wani fulogi a ɓangaren hagu ya gaji. In an buɗe, haka za a tarar. Matuƙa kan tsokane shi da cewa saboda kunnensa ne manaja ya ƙi sayen sabuwar na'urar gwaji.

Abin da ba sa tsokanarsa a kai, don sun ga ba ya dariya, shi ne karatun tuƙi. Lasisin jirgi mai inji ɗaya ya daɗe da samu, da kyar da jiɓin goshi, awa ɗaya wannan watan, awa ɗaya wata mai zuwa. Yanzu kamfanin na neman mataimakin matuƙi a jirginsa mai inji biyu, wanda ke kai magunguna da wasiƙu garuruwan da mota ke kwana biyu ba ta isa ba. Manaja ya ce kujerar tasa ce in ya ci jarrabawar inji biyu, amma sau uku kawai zai jira shi, don akwai takardar wani mai neman aikin a durowarsa. Likita ya shiga sau biyu ya faɗi. Shekararsa hamsin da huɗu, ya kuma san ba wanda zai sake ajiye masa kujera.

Ba tuƙin ne ke kayar da shi ba. Yana tashi lafiya, yana juyi lafiya, saukarsa kuwa ko ruwan kofi ba ya zuba. Abu guda ne ya tsaya masa a wuya, wato darasin mutuwar inji. Jirgi mai inji biyu in ɗaya ya mutu, mai ran sai ya fizgi hancin jirgin ya karkatar da shi wajen mataccen. Dole matuƙi ya danna feda da ƙafa ɗaya da iyakar ƙarfinsa don ya miƙar da hancin, ɗaya ƙafar kuwa ta zauna ba aikin fari ba na baƙi. Da haka ake gane wanda ya mutu: ƙafar da ta huta, injin ɓangarenta ne ya tafi. Daga nan sai a tabbatar, a juya farfelarsa ta ba iska gefe don ta daina jan jirgin baya, a manta da shi, a tafi da mai ran. In jim kaɗan bayan tashi ne, ƙasa na kusa, duk wannan bai kamata ya wuce 'yan daƙiƙu ba.

To a wurin mantawar nan Likita ke rasa kansa. Da zarar ya ji muryar inji ta faɗi, hannunsa na dama sai ya tafi da kansa, ya taɓa famfon mai, ya murɗa makunni, ya lalubi maɓallin tanki, kansa a sunkuye yana sauraro. Kafin ya ɗago, gudun jirgin ya sauka ƙasa da shuɗin layin haɗari da ke jikin agogon gudu, hanci ya karkace, bishiyoyi sun fara girma a gilashi.

Mai koya masa 'yar amininsa ce, wani matuƙi da ya rasu shekaru goma da suka wuce. A kan akwatin sufanun Likita ta yi wayo, tana kaɗa ƙafa tana tambayarsa sunan kowane ƙarfe. Yanzu ita ce Malama, shi ne ɗalibi. Kawu take ce masa a ƙasa da sama, sai dai Kawun sama ya fi na ƙasa kaifi.

Ana saura kwana biyu jarrabawa ta uku suka tashi da safe. Suna ƙetare katangar fili ta ja totur ɗin dama baya. Jirgi ya fizga, Likita ya danna ƙafar hagu, ya miƙar da hanci, har ya buɗe baki zai faɗi wanda ya mutu. Sai injin ya yi wani ɗan tari, irin wanda kowane inji ke yi in an rage masa mai farat ɗaya, hannun kuwa ya tafi.

"Kawu, hannu," in ji ta.

Ya janye. Suka zagayo suka sake, ya yi daidai. Suka sake, ya yi daidai. A karo na huɗu hannun ya sake tafiya, wannan karon ta dai mayar da totur ɗin gaba ta kalli waje. Hakan ya fi masa faɗa ciwo.

Da suka sauka suka zauna a inuwar fiffike, ya miƙe ƙafa yana matsa gwiwa, don danna fedar nan ba ƙaramin aiki ba ne ga gwiwar da ta shekara ashirin da takwas tana durƙuso a kan siminti. Malama ta ce ita ta rasa ta inda za ta ɓullo masa. Ta yi lallashi, ta yi zane a allo, har ɗaure masa hannu da robar gashinta ta taɓa yi don ya tuna. Ya ce mata icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ta ce ita ba ta yarda da wannan ba, ta ga tsofaffin da suka fi shi sun koya. Ya ce waɗannan ba su taɓa kwana biyu a kan inji suna roƙonsa ya tashi ba.

"A sama kai ba likita ba ne, Kawu," in ji ta. "Injin da ya mutu ba mara lafiyarka ba ne. Mutanen da ke zaune a bayanka su ne naka."

Ya gyaɗa kai. Ya san gaskiya ta faɗa, ya sani tun kafin a haife ta. Matsalar ita ce kansa ne ya sani, hannun bai samu labari ba.

A gida ma darasin bai ƙyale kowa ba. Wata uku ke nan kujerar cin abinci ta zama jirgi. Yakan zauna ya ajiye takalma biyu a gabansa a matsayin feda, ya jera cokula shida a kan tebur a matsayin hannuwan sarrafa inji, matarsa kuma ta zama mai jarrabawa. Tana cikin wanke-wanke ko yankan albasa sai ta ɗaga murya daga kicin ta ce hagu ya mutu, ko dama ya mutu, shi kuma ya danna takalmi ya bi cokula ɗaya bayan ɗaya yana faɗin sunayensu. Da farko abin dariya ne a gidan, har 'yarsu ta kira daga jami'a ta ce a gaishe mata da kyaftin ɗin falo. Daga baya dariyar ta ƙare, aikin ya rage. Matar kan faɗa ne kawai kamar yadda ake tuna wa mutum shan magani.

Ran nan da yamma ta kawo masa ruwan zafi da tawul ta ɗora a gwiwar. Ta ce ita fa ba ta ga abin da ya rasa ba, duk filin nan ba jirgin da ke tashi sai da sa hannunsa. Ya ce shi ne ai. Shekara ashirin da takwas yana sa hannu, yana cire katakon da ake tokare tayar jirgi, yana ɗaga wa wasu hannu, sannan ya koma ya share baƙin mai a ƙasa. Yana so ko sau ɗaya ya ga inda jiragen nan suke zuwa, ba a matsayin kaya ba. Ta matse tawul ɗin ta sake tsomawa, can ta ce, ba tare da ta dube shi ba, dama ya mutu. Ya danna takalmin hagu.

Mai jarrabawar wani tsohon matuƙi ne mai furfura har a gira, wanda ɗalibai suka laƙaba wa Mai Fayil, saboda wani koren fayil da yake kare hannuwan inji da shi don kada a ga wanda zai ja. Shi ya kayar da Likita sau biyun nan, ba kuma da son ransa ba, don shekara da shekaru jiragen da Likita ya gyara yake tuƙawa. Ran jarrabawa ya iso da hantsi, suka gaisa ya tambayi gwiwa, ya ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, su je su gama. Malama ta tsaya a ƙofar rumfa, hannuwanta a aljihu.

Awa guda komai ya tafi sumul. Sun hau sama sun yi juyi, sun rage gudu har jirgi ya fara rawa sun farfaɗo da shi, sun sauka sun sake tashi. Likita ya san abin da ya rage, ya kuma san Mai Fayil ya bar shi ƙarshe ne don ya ba shi lokacin natsuwa. Suka tashi a karo na uku. Taya ta shige, katangar fili ta wuce, rufin gidaje ya fara ƙanƙancewa. Ta wutsiyar ido ya ga koren fayil ya ɗago.

Jirgi ya fizga hagu. Ya danna ƙafar dama har gwiwar ta yi ƙara, hanci ya miƙe, gudu na kan shuɗin layi daram. Ƙafar hagu ce ta huta. Ya ce injin hagu ne, muryarsa ba rawa. Saura ya tabbatar, ya taɓa hannun farfela, shi ke nan an gama.

Injin hagu ya yi tari, ya sake yi, kamar yaro cikin barci.

Bai san lokacin da abin ya faru ba. Ya dai ga fayil a kan cinyar tsohon, ya ga nasa hannun ya ture hannun mai jarrabawa, ya ga totur ɗin hagu ya koma gaba. Injin ya ɗauka da ƙarfi, jirgin ya miƙe yana hawa da inji biyu kamar ba abin da ya faru. Duk duniya ba ɗalibin da ke ture hannun mai jarrabawa. Likita ya kalli hannun nasa kamar na wani ne aka ara masa.

Mai Fayil ya ɗauki fayil ɗinsa ya kakkaɓe. Sai da suka juyo suna fuskantar titi ya ce, a hankali, akwai dalili ɗaya tak da zai sa matuƙi ya yi abin da Likita ya yi a yaba masa, shi ne in ya ji injin da aka dogara da shi, wato na dama, ba shi da lafiya. In haka ne ba faɗuwa ba ce, an dakatar da jarrabawa ne saboda matsalar jirgi, sai a sake wata ranar.

"Ka ji wani abu a na daman ne?"

Likita ya ce, "Bari mu sauka in duba."

Bai ce e ba, bai ce a'a ba, amma ya san abin da ya yi. Suka sauka, aka turo jirgin cikin rumfa. Ya cire farar rigar da matarsa ta goge masa ya rataye a ƙusa, ya zura tsohuwar rigar aiki, ya jawo tsani. Labari ya riga ya zaga fili cewa Likita ya ji wani abu a sama, matuƙa biyu suka leƙo, mai ba da mai ya zo ya tsaya, har manaja ya fito daga ofis ya ce ai shi ya sani, kunnen nan ba ya ƙarya. Kowa ya ji daɗin labarin, don labari ne mai daɗin faɗa.

Ya buɗe murfin injin dama. Zafinsa ya bugi fuskarsa, da warin mai da ya fi sani fiye da warin ɗakinsa. Nan take gajiyar kafaɗunsa ta ragu, abin da ya ba shi haushi. Ya bi bututun mai, ya bi wayoyi, ya kwance fulogi ɗaya bayan ɗaya yana jera su a kan tsumma. Awa ɗaya ta wuce, 'yan kallo suka watse. A fulogi na tara ya samu. Wata 'yar tsaga ce a jikin farin tangaran ɗin, siririya kamar gashi, sai an karkata ta wajen haske ake ganinta.

Ya zauna a matakin tsani da fulogin a tafin hannu. Tsagar gaskiya ce, ba shi ya yi ta ba. Duk wanda ya gani zai ce a canza, shi ma zai canza. Amma ya san fulogin nan zai iya yin wata guda yana aiki ba ko tari, ya kuma san ba inji a doron ƙasa da za a ba shi awa biyu a kai bai samo masa laifi ba. Abin da ya fi sani duka shi ne, a sama bai ji komai daga dama ba. Injin dama waƙarsa yake yi lafiya lau. Na hagu ne ya yi tari, wanda aka kashe da gangan, hannun kuma ya je ceto.

Malama ta zo ta tsaya a ƙasan tsani. Ya miƙa mata fulogin, ta ɗaga shi wajen ƙofa, ta ga tsagar. Fuskarta ta washe, ta zama ta yarinyar nan mai kaɗa ƙafa a kan akwati, har ta juya za ta kira Mai Fayil. Sai ta tsaya. Wata shida tana zaune a gefensa a sama, ta san hannun nan fiye da kowa. Ta dube shi. Ba ta tambaya ba, ta dai mayar masa da fulogin ta ce tana ofis.

Mai Fayil na zaune a ɗan teburin da ke kusurwar rumfa, inda ake cika littafin gyara, takardar jarrabawa a gabansa, biro a hannu. Likita ya ajiye fulogin a kan takardar. Tsohon ya sa tabarau ya duba, ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda aka sauke wa kaya, ya ce to madalla, ga shaida. Ya ce abu ɗaya ya rage don ya rubuta, sai ya ji daga bakinsa.

"Kunnenka ne ya fara ji, sannan ka mayar da injin?"

Likita ya tsaya. Kalma ɗaya ce, e, ba kuma wanda zai taɓa ƙaryata shi. Zai samu sati biyu, ya koma kan takalma da cokula, wataƙila ran nan hannun ya zauna. Wataƙila kuma ya zauna ran jarrabawa, ya motsa wata rana daban, da katan-katan na magani a baya da wata ma'aikaciyar jinya tana gyangyaɗi a kujera, ƙasa na kusa. Ya tuna littafin gyaran da ke ƙarƙashin gwiwar hannun tsohon. Shekara ashirin da takwas bai taɓa sa hannu a kan abin da bai tabbatar ba, ko da manaja na tsaye a kansa. Yau shi ne kayan da ake neman ya sa wa hannu. Gajiya ta sauko masa gaba ɗaya, ba ta gwiwa kaɗai ba.

"Hannu ne ya fara," in ji shi. "Ban ji komai ba. Wannan daga baya na samo shi."

Mai Fayil ya cire tabarau ya murza idanu. Ya ce ko Likita na so ya sake tunani, shi ba sauri yake ba. Likita ya ce ya yi tunanin awa biyu a kan tsani. Tsohon ya jima yana kallon takardar, sannan ya matsar da fulogin gefe ya rubuta abin da zai rubuta, ya sa hannu. Da ya miƙe ya riƙe hannun Likita ya daɗe bai saki ba, duk da baƙin man da ke jiki.

Likita ya koma ya sa sabon fulogi, ya mayar da sauran, ya rufe murfi, ya tayar da injin ya saurara. Lafiya ƙalau. Ya cika littafi ya sa hannu, don gobe da safe wata ɗaliba za ta tashi da jirgin. Ya je ofis ya gaya wa manaja da bakinsa ya buɗe durowar nan ya kira mai neman aikin. Malama ta rako shi har bakin ƙofar fili, da zai hau mota ta ce, da babanta na nan da shi ma abin da zai faɗa ke nan. Ya ce babanta ai da bai ture hannun kowa ba. Ta yi dariya, idonta na ƙwalla.

Ya isa gida rana na shirin faɗuwa, farar rigar a naɗe a hammata. Takalman nan biyu na gaban kujera inda ya bar su da safe, cokula shida a jere. Ya zauna a kujerar don ita ce mafi kusa da ƙofa. Matarsa na kicin, ta ji motsin shigowarsa, ba ta san komai ba tukuna, bakinta kuma ya saba.

"Hagu ya mutu," in ji ta.

Ƙafarsa ta dama ta danna takalmi. Hannuwansa biyu suna kan cinyarsa, ba wanda ya motsa. Ya zauna yana kallonsu.

Ta leƙo da wuƙar albasa a hannu, ta ga rigar a naɗe, ta ga fuskarsa.

"Maman yara," in ji shi, "kwashe cokulan nan ki mayar kicin."